Yadda ake ziyarar ɗan'uwa Kirista da zuciyarsa ta karaya

A Damagaram, in ɗan ikilisiya ya yi Lahadi biyu bai leƙo majami'a ba bayan rasuwa, ko rashin aiki, ko daminar da ta ƙi, kada a jira ya aiko. Kunya ba za ta bar shi ba.

Mutum biyu sun isa, mata wajen mace, maza wajen namiji. Taron mutum goma nauyi ne, don sai mai gida ya shiga neman abin saukar baƙi. A je da la'asar sakaliya, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Kada a je hannu rabbana: tiya biyu ta gero, ko a biya ɗan ga-ruwa jarka huɗu ya kai gidan. Yakubu 2:15-16 ya tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatar baki.

Bayan gaisuwa, "Sannu Baba, ya haƙuri?", sai a kama baki. Abokan Ayuba sun yi kwana 7 ba su ce uffan ba, kuma ba su yi kuskure ba sai da suka fara bayani.

In ya yarda a buɗe Littafi Mai Tsarki, a fara da kuka kafin alkawari. Zabura 13 aya 6 ce kawai. Sau huɗu Dawuda yake tambayar har yaushe, sai a aya ta 5 ya koma ga dogara ga ƙaunar Allah. A karanta duka, a hankali. Haka ma Makoki 3: mutane suna son tsallakawa zuwa aya ta 22, inda jinƙan Ubangiji ba ya ƙarewa, amma a fara daga 19. Wanda ya ji ɗacin farko zai gane cewa a kan kufan Urushalima aka furta begen nan. Manomin da rumbunsa ya tashi wayam kuma, Habakuk 3:17-19 nasa ne.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne Romawa 8:28, ayar da ta ce Allah yana sa kome ya zama alheri ga masu ƙaunarsa. Ayar gaskiya ce, sai dai a ranar farko uwar da ta binne ɗa za ta ji kamar ana ce mata mutuwar alheri ce. A ajiye ta sai gaba. Kada a ce "da kin ƙara addu'a", ko a laluba wa mutum zunubi. Yesu ya ƙi wannan lissafi a Yahaya 9:3. Kada kuma a yanka wa Allah ranar da zai warkar, don in ranar ta wuce, ɗan begen da ya saura ma ya tafi.

Addu'a ta zama gajera, minti uku, murya ƙasa-ƙasa, a ambaci damuwar da sunanta.

A koma bayan mako guda, sannan bayan wata, lokacin da masu gaisuwa sun watse, an naɗe tabarmi. In ya wuce mako biyu ba ci ba barci, a sanar da fasto, a raka shi wajen likita. In kuwa ya fara zancen kashe kansa, ranar nan za a kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.