Yadda ake zaɓen baƙin mai don motar gazuwal a zafin arewacin Kamaru da Chadi

A shagunan kayan mota na Garwa, Marwa ko Kuseri, sau da yawa za ka ga mai saye ya tsoma yatsa cikin baƙin mai, ya murza, ya ce wannan ya fi kauri, shi za a ba shi. Wannan gwaji ba ya nuna komai. Kaurin da yatsa ke ji a inuwar shago daban yake da kaurin da man zai yi a cikin inji, inda zafinsa kan kai kusan digiri 100. Abin da za ka dogara da shi rubuce yake a jikin galan, kuma kashi biyu ne: lambar kauri da lambar inganci. Yawancin direbobi ta farkon kawai suke dubawa, alhali ta biyun ce ta fi shafar ran injin dizal, wato mai shan gazuwal.

Lambar kauri ita ce wadda ke bin haruffan SAE, kamar 15W-40. Adadin farko mai W yana nuna saurin gudun mai idan inji ya kwana ya huce, na biyun kuma kaurinsa idan inji ya ɗauki zafi. Ga mafi yawan motocin da ke aiki a yankinmu, wato Hiace mai injin 5L, Land Cruiser mai 1HZ, Hilux mai 2KD, da manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Njamena, 15W-40 ya wadatar duk shekara. Yana jure zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, kuma da asubahin hunturu yana isa kan inji da wuri.

Mai lamba ɗaya, SAE 40 ko SAE 50, ya fi araha, shi ya sa ya cika kasuwa. Matsalarsa tana wurin tayar da mota da safe. Yana jinkirin hawa, a 'yan daƙiƙun nan kuwa ƙarfe na gogar ƙarfe, musamman a tsaunin Adamawa inda safiya ke da sanyi sosai. Shi kuma 20W-50 yakan rage shan mai a tsohon injin da ringinsa ya gaji, amma jinkirta gyara ne kawai, ba ya mayar da abin da ya cinye. Kada a zuba shi a sabon inji mai turbo, domin hanyoyin mansa matsattsu ne.

Yanzu juya galan ka nemi haruffan API, ma'aunin cibiyar man fetur ta Amurka. Wanda ya fara da S na injin fetur ne, wanda ya fara da C na dizal ne. Idan ka ga SL ko SN kaɗai babu C, ajiye shi, ko da kaurinsa ya yi daidai. Injin dizal yana tura baƙin hayaƙi mai yawa cikin mai ta gefen ringi, kuma man injin dizal na da sinadaran da ke riƙe wannan baƙi a warwatse har ranar juye, wato ranar canza mai. Man da ba shi da isassunsu sai ya bar baƙin ya dunƙule ya zama laka, ya toshe rariyar famfon mai, ya maƙale ringi. Daga nan sai fitilar mai ta soma ƙyaftawa, lalacewar metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ta biyo baya.

Harafin da ke bin C yana nuna zamani. CF na 1994 ne, CH-4 na 1998, CI-4 na 2002, CJ-4 na 2006, CK-4 na 2016. A ganinmu CI-4 shi ne mafi dacewa da titinmu, CH-4 kuma shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya kamata a yarda da shi a mota mai turbo. Dalilin yana cikin gazuwal ɗin kansa. Farar wutar da ke cikinsa idan ta ƙone ta haɗu da laima takan zama asid mai cin ƙarfe, man inji kuma na ɗauke da sinadarin da ke kashe wannan asid. Ana auna ƙarfinsa da lambar TBN, wadda ke cikin takardar bayanin mai, kuma mai kyau na CI-4 yakan kai 10 ko sama. CJ-4 da CK-4 an tsara su ne don gazuwal mai tsafta, wanda farar wutarsa ba ta wuce kashi 500 cikin miliyan ba. Wanda ke shan gazuwal na jarka a bakin titi bai san abin da ke cikinsa ba, don haka sabuwar lamba ba za ta ba shi damar tsawaita juye ba. FA-4 kuwa a kauce masa gaba ɗaya, an yi shi ne don wasu sababbin injuna kawai.

Masu tirela su ƙara duba ma'aunin Turai, ACEA E7, da amincewar kamfanin da ya ƙera motar: MB 228.3 ga Mercedes, M 3275 ga MAN, VDS-3 ga Volvo, RLD-2 ga Renault. Rubia TIR 7400 na Total, Rimula R4 X na Shell da Delvac MX na Mobil duk 15W-40 ne na wannan aji. Sunan kamfani bai kai waɗannan lambobi muhimmanci ba.

Akwai rukuni ɗaya da wannan shawara ba ta hau kansa ba, kuma a nan ake tafka asara. Ƙananan motocin dizal da aka yi wa rajista a Turai daga 2011 zuwa yau suna da matacin hayaƙi a cikin salansa, wanda ake kira DPF. Sinadaran da ke sa CI-4 ya yi ƙarfi suna barin toka idan suka ƙone, tokar kuma tana toshe wannan mataci har mota ta rasa ƙarfi. Irin waɗannan sai mai ƙarancin toka, ACEA C2 ko C3, galibi 5W-30. Kafin ka sayi mai wa motar da ta shigo ta Duwala, sa makanike ya leƙa ƙarƙashinta ya tabbatar ko tana da matacin, sannan a bi littafin motar.

Duk wannan karatu banza ne idan abin da ke cikin galan jabu ne. Akwai masu tace tsohon mai su ɗura a galan mai suna. Duba zoben murfi bai tsinke ba, takardar da ke liƙe a baki ba a sake manna ta ba, lambar rukuni da ranar ƙira kuma an buga su da kyau, ba sa gogewa da yatsa. Ka haska ƙasan galan bayan an juye, mai na gaske ba ya barin laka ko warin ƙuna. Man da ake auna wa da kwalba daga buɗaɗɗen duro, ko na kirki ne, ƙurar hunturu ta riga ta shige shi. Saya a gidan mai ko wurin dillalin kamfani, a buɗe galan a gabanka, in an gama kuma ka huda shi don kada ya koma kasuwa.

Yawan mai ya danganta da inji. Hilux da Hiace suna ɗaukar wajen lita 7, 1HZ wajen 10 zuwa 11, kan tirelar Mercedes Actros kuwa ya haura 30. A yi juye inji na da ɗumi, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a bar tsohon ya tsiyaye ƙaf. A sa sabuwar washa a notin ƙasa. Filta sai an canza ta kowane juye: a shafa ɗan mai a robar bakinta, a ɗaura da hannu, bayan robar ta taɓa a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, ba da sifana ba. A tayar da inji, fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, a kashe, a jira minti 5, sannan a auna. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyu na gejin. Idan ya wuce ta sama, karanshaf zai riƙa bugunsa ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta shafe ƙarfe. Tsohon man a tara shi a jarka, kada a zuba a kwata, domin damina za ta kai shi Binuwai ko Logon.

Ƙananan motoci a ƙurarmu da zafinmu su yi juye duk kilomita 5,000, janareta kuma duk awa 250. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Mora da Kuseri, ko wadda ke hawan gangaren Mbe da cikakken lodi, ba ta cikin aikin da kamfani ke nufi idan ya rubuta dogon zango tsakanin juye da juye. Filtar iska ma tana cikin lissafi, don ƙurar da ta wuce ta cikin mai take ƙarewa. Bayan doguwar tafiya, mota mai turbo a bar ta a silo minti 1 zuwa 2 kafin a kashe, in ba haka ba man da ya tsaya a cikin turbo zai ƙone ya daskare.

Man injin dizal ya yi baƙi kwana kaɗan bayan juye ba laifi ba ne, aikinsa yake yi. Abin tsoro shi ne ka ga ya ƙaru a geji yana warin gazuwal, alamar nozil mai fesa gazuwal na yoyo yana tsinka shi. Idan ya koma kalar shayi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga, ko ta gasket ɗin kai ko ta na'urar sanyaya mai, kuma motar ba ta sake tashi sai makanike ya gano inda ruwan ke bi.