Yadda Ake Gano Ciwon Kwamfutar Ofis a Karkara, da Saita Saba Ta Jure Wutarmu

Wata Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, na hau babur daga Gumel zuwa wani ƙauye, hanya cike da motocin shanu, saboda magatakardan wata makaranta ya kira ni hankalinsa a tashe. "Injiniya, don Allah ka zo, injin nan ya ƙone ƙurmus, ga sakamakon jarrabawar yara duk a ciki." Da na isa na tarar fis ɗin cikin filogi ne ya tsinke. Kuɗin man da na ƙona ya ninka kuɗin gyaran sau da yawa.

Irin wannan shi ne mafi yawan abin da nake tararwa a ofisoshin ƙauyukanmu da shagunan buga takardu. Ita kwamfutar lafiyarta ƙalau, wuta ce ko ƙura ko zafi suka hana ta sakat. Don haka tsarin da nake bi ɗaya ne: a fara daga bango a shiga ciki, a fara da abu mai araha kafin mai tsada. Fomatin kuwa, wato goge komai a sake ɗora Windows, wanda wasu yaran shago ke gaggawar yi, shi ne na ƙarshe, kuma sai an kwashe fayilolin mutane.

Mataki na farko: tambayi mai ita, sannan ka duba bango

Kafin ka taɓa sukudireba, yi tambaya. Yaushe ta yi aiki na ƙarshe? An ɗauke wuta tana kunne? An juya layi daga NEPA zuwa janareta? An yi tsawa jiya da dare? Wani ya soka filash? Sau da yawa amsar tana nan.

Daga nan sai soket. Soka cajar waya ka ga ko da wuta. Idan kana da mita, auna. Wutar da ya kamata ta zo mana bolt 230 ce, amma duk wanda ke ƙarshen layin KEDCO ya san akan wayi gari da wutar da ko fanka ba ta juyawa da kyau. Idan mita ta nuna ƙasa da 180, kada ka zargi kwamfuta, sitabilaiza ake buƙata. Duba fis ɗin filogi, ka canja wayar wutar da ta monita don gwaji, tunda bakinsu yawanci iri ɗaya ne, ka kuma cire istenshan mai araha daga tsakani.

Akwai wani tarko da ya cinye kwamfutoci da dama. Tsofaffin injinan gwanjo da aka kawo daga Amurka, wasunsu na da ɗan jan maɓalli a bayan fawa fak, wato akwatin da ke karɓar wuta ya raba wa kayan cikin inji, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗaya gefen 230. Wutar Amurka 120 ce. Idan maɓallin na kan 115 ka soka a tamu, fas ɗaya za ka ji, sai hayaƙi. Duk injin da aka kawo sabo a ofis, leƙa bayansa kafin ka soka. Na zamani ba su da maɓallin, da kansu suke daidaitawa.

Idan wuta ta tabbata amma injin ya yi shiru, zare wayar, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, ka mayar ka gwada. Wannan kawai yakan tayar da injin da ɗauke wuta ta bari a sume.

Mataki na biyu: fanka na juyawa, allo baƙi

Da farko tabbatar monita na kunne, kuma an zaɓi ƙofar da waya ke ciki, VGA ce ko HDMI. Idan injin na da katin hoto na daban, wayar can za ta shiga, ba a ta jikin bod ba, wato babban falangen da kayan ciki ke haɗe a kansa.

In duk wannan daidai ne, to kusan kullum ram ne, wato ɗan siririn katin ƙwaƙwalwar aiki da ke soke a kan bod. Zare wuta, buɗe murfin, taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai. Wannan ba camfi ba ne. A hunturu iska ta bushe, ɗan tartsatsin nan da kake ji idan ka cire rigar sanyi ya isa ya kashe ram. Buɗe 'yan maƙallan gefe biyu, zaro shi, riƙe shi ta gefuna, goge haƙoransa masu ruwan zinariya da robar goge fensir a hankali, kakkaɓe, ka mayar har ka ji ƙas. Idan guda biyu ne, gwada ɗaya bayan ɗaya, a rami daban-daban. Ka saurari kukan da injin ke yi ko ƙiftawar fitilar gaba. Dell da HP kowanne da ma'anar nasa, kuma ya danganta da samfuri, don haka ƙirga sau nawa ne ka nemi bayanin a wayarka da lambar samfurin.

Mataki na uku: ƙura da zafi

Injin da yake tashi lafiya, ya yi rabin awa ya mutu da kansa, fanka na gurnani kamar injin niƙa, zafi ne ke damunsa. Ƙurar hunturu takan shiga daga Nuwamba ta taru, sai bazara ta zo a Afrilu zafi ya haura digiri 40, ofis kuma rufin kwano ba silin. Nan ake kukan targaɗe sai ga karaya.

Fitar da akwatin waje ka hure shi da bulowa. Sa yatsa ko tsinke ka tokare fanka kada iska ta juya ta fiye da kima. Kada ka hura da baki, kada ka sa jiƙaƙƙen tsumma, buroshin fenti busasshe ya wadatar. Abubuwan da na ciro daga cikin injina a ƙauye sun haɗa da gidan zanzaro, ƙwan kyankyaso, da busasshiyar tsaka a cikin fawa fak. Shi fawa fak ɗin kada ka kwance shi, yana riƙe wuta ko bayan an zare.

Idan an share zafin bai daina ba, ɗaga ƙarfen sanyaya da ke kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, goge busasshen man da ke tsakaninsu, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa a tsakiya. Na ga wanda ya shafa man goge baki. Garin neman ƙiba ya samo rama.

Sannan ɗauke akwatin daga ƙasa, inda tsintsiya ke tura masa ƙura kullum safiya, ka bar tazarar kamar taki ɗaya tsakaninsa da bango. A lulluɓe shi da yadi idan an tashi aiki, amma ban da lokacin da yake kunne.

Mataki na huɗu: kwanan wata ya koma baya

Wannan ƙaramin abu ne mai tayar da hankali, musamman lokacin da yara ke layin buga silif ɗin JAMB. Akwai data, akwai sabis, amma kowane shafi ya ƙi buɗewa, yana cewa haɗin ba shi da tsaro. Dubi agogon da ke ƙasan allo. Idan shekarar ta koma baya, ɗan batirin kan bod ya mutu. Sunansa CR2032, mai faɗin kwabo, bolt 3, ana samunsa wajen masu gyaran agogo. Canja shi, shiga BIOS, wato shafin saitin inji da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka gyara kwanan wata. A Dell F2 ake dannawa da zarar an kunna, a HP kuma F10. A cikin Windows ka zaɓi yankin lokacinmu, West Central Africa.

Mutuwar batirin nan takan mayar da saitin BIOS yadda ya fito daga kamfani. Idan bayan haka Windows ta ƙi tashi tana nuna shuɗin allo, duba saitin SATA a BIOS, wato na yadda inji ke magana da faifan ajiya. Wataƙila an ɗora ta a kan AHCI, yanzu ya koma RAID, ko akasin haka. Mayar da shi kawai, babu abin da ya ɓace.

Mataki na biyar: nauyi, da filash mai cuta

Injin da ke jan ƙafa, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka ga me ke cin ƙarfinsa. Idan faifan ajiya ya tsaya a kashi 100 ba sauka, ko kana jin ƙas-ƙas daga cikinsa, kwashe fayiloli yau ɗin nan, ka sa SSD, wato faifan zamani mai sauri. Babu gyaran da ke farfaɗo da tsohon inji kamarsa.

Cutar da ta fi yawo a shagunan buga takardu ita ce mai ɓoye fayilolin filash ta bar 'yan gajerun hanyoyi, wato shortcut, a madadinsu. Kada ka danna ko ɗaya. Bar Windows Security ta bincika filash ɗin, sannan buɗe cmd, baƙin allon rubuta umarni na Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan harafin filash ɗin E ne. Fayilolin za su bayyana. Ka sani kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 na neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin inji, wanda yawancin gwanjonmu ba su da shi. Injin da ba zai ɗauka ba, idan aikinsa rubutu da intanet ne kawai, Linux Mint, manhajar da ake ɗorawa a madadin Windows, za ta riƙe shi.

Saita sabar ofis

Saba, wadda wasu ke ce wa uwar garke, a ƙaramin ofis ba wani dodo ba ce. Inji ne guda da ake ajiye fayiloli ko manhajar lissafi a kansa, saura su riƙa ɗiba. Sharaɗin farko shi ne ba a zama a kanta. Ba a kallon fim, ba a cajin waya, ba a soka filash ɗin baƙo. Wannan ya fi komai wuyar aiwatarwa, don wani lokaci mai karya dokar shi ne shugaban ofis, sai ka ce, "Ranka ya daɗe, ga wancan na tebur ɗinka na gyara maka, ya fi wannan gudu."

Fara da wuta. Saba sai da UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, kuma batirin cikin ƙananan, mai bolt 12, zafinmu na saurin cinye shi, don haka gwada shi duk wata: zare daga bango ka ga minti nawa zai riƙe. Saba da suwic, wato akwatin da wayoyin sadarwar injina ke haɗuwa, da rauta kaɗai za su hau kansa. Firintar leza kada ta kusance shi, tana zuƙar wuta da yawa idan za ta ɗumama. Idan UPS ɗin na da wayar USB, haɗa ta da saba ka saita ta kashe kanta cikin tsari kafin batir ya ƙare. Inda ake da sola, a nemi inbata da aka rubuta pure sine wave a jikinta. A BIOS kuma akwai saitin da zai sa ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, Dell na kiransa AC Recovery, HP kuma After Power Loss.

Sai adireshi. Rauta ce ke raba wa kowane inji lamba, kuma lambar na iya canjawa bayan ɗauke wuta. Shi ya sa jiya kowa na ganin folda, yau ta ɓace. Ba wa saba lamba tsayayya. Buɗe cmd, rubuta ipconfig, ka kwafi lambar Default Gateway, ita ce ta rauta. Wasu 192.168.0.1 ce, wasu 192.168.1.1, na Huawei da yawa 192.168.8.1. Shiga rautar ka ga iyakar lambobin da take rabawa, ka zaɓi wadda ke wajensu. Idan lambarta 192.168.1.1 ce, tana kuma rabawa daga 100 zuwa 200, ɗauki 192.168.1.10 misali. Danna maɓallin Windows da R, rubuta ncpa.cpl, shiga kaddarorin katin waya, zaɓi IPv4, sa lambar, sa 255.255.255.0 a layi na biyu, sa ta rauta a na uku da kuma wajen DNS. Rubuta lambar a takarda ka manna a jikin akwatin.

Daga nan mayar da hanyar sadarwar zuwa Private, buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa da kalmar sirrinsa, ka raba folda gwargwadon aiki: akanta ya iya rubutu a ta kuɗi, saura ko gani kada su yi. A sauran injina, danna Windows da R ka rubuta \\192.168.1.10. Windows ta gama-gari na karɓar injina 20 ne a lokaci guda, wanda ya ishi yawancin ofisoshinmu. In an haura haka, sai Windows Server, ko Ubuntu haɗe da manhajar raba fayiloli ta Samba.

Idan wani inji ya kasa ganin saba, dubi 'yan fitilun da ke bakin wayar sadarwa. Babu haske, waya ce, kuma ɓera ne babban wanda ake zargi, musamman inda ofis ke maƙwabtaka da sito na hatsi. Akwai haske, rubuta ipconfig. Lambar da ta fara da 169.254 na nufin injin bai samu rauta ba. In lambar daidai ce, rubuta ping da lambar saba. Ka tuna wayar nan ba ta wuce mita 100, kuma wadda aka ja ta sama daga gini zuwa gini ita ce hanyar da tsawa ke bi da damina. Hadari ya haɗo, a kashe a zare wuta da wayar sadarwa duka.

Kwafin ajiya kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Faifai biyu masu kwafin juna a cikin saba ɗaya ba su isa ba, don tsawa ko ɓarawo duka zai ɗauka. Sayi faifan waje guda biyu. Duk Juma'a kafin a tashi masallaci a kwafa a ɗaya, a zare, wani amintacce ya tafi da shi gida, mako mai zuwa a kawo shi a tafi da ɗayan. Lokaci-lokaci buɗe fayil ɗaya daga ciki ka tabbatar yana buɗuwa.

Idan abin ya fi ƙarfinka

Warin ƙuna, ko 'yan gwangwanayen kan bod da suka kumbura, ko fawa fak da ya mutu, wannan sai Kano, wajen masu kayan kwamfuta na titin Beirut. Kada ka sayi fawa fak da ka, domin ƙananan injinan Dell da HP da yawa bakin wayarsu daban yake da na gama-gari. Ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinsa, ko ka tafi da mataccen a jaka. Idan injin gaba ɗaya za ka kai, cire faifan ajiyar ka bar shi a ofis, ka naɗe akwatin da bargo, ka riƙe shi a cinya maimakon but, inda za a ɗora masa buhun gero.