Yadda za ki gane wace Magajiya ake nufi

Wallahi abin yana min ciwo in an ce Magajiya sai ka ga yaran yanzu suna 'yar dariya ƙasa-ƙasa, don su iyakar abin da suka sani magajiyar gidan karuwai. Toh in kin ci karo da sunan nan, a katin biki ne ko a labarin fada ko a bakin kakarki, ga yadda za ki bi ki warware shi.

Ki fara da kalmar kanta. Daga gado ta fito, namijin da ya gada magaji, mace magajiya, kamar dai yadda ake cewa maɗinki da maɗinkiya. Kin ga tun daga nan babu abin kunya a ciki, mai gadon gida ce.

Sai ki tambaya a wane gari ne, nan ne fa aikin yake. In Daura ce to kin zo tushe, don labarin da Daurawa suka riƙe shi ne mata ne suka yi ta sarautar ƙasar tun daga ta farkonsu Kufuru, ana ce musu Magajiya, har zuwa Daurama wadda a zamaninta aka ce Bayajidda ya sauka ya kashe macijin rijiyar Kusugu ya aure ta, kuma bayan mulki ya koma hannun maza ma ba a yar da sarautar ba, aka ci gaba da naɗa mace daga jinin gidan sarki, ita ce babba a kan matan gari kuma maganarta tana da nauyi a fada. Ni dai duk sanda na tuna wannan sai in ji kaina ya yi girma.

Amma kar ki ɗauki sunan Daura ki liƙa wa kowace masarauta. A Gobir Inna ake cewa, ki je Tsibiri ko Sabon Birni za ki ji, a Maraɗi Iya. Mahaifiyar sarkin Kano Mai Babban Ɗaki ce. A Barno uwar Mai, wato sarki, ita ce Magira, uwargidansa Gumsu, wannan kuma Barbarci ne, kar kamannin sauti ya ruɗe ki. Gimbiya kuwa 'yar sarki ce kawai, haihuwa ta ba ta, ba naɗi ba.

Daga nan ki duba ko naɗa ta aka yi. In an ce Magajiyar gari kaza, akwai sarkin da ya ba ta. In ba haka ba wataƙila shugabar matan jam'iyya ce, tun zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950 ake kiransu haka, ko kuma laƙabi ne na alkunya, an sa wa yarinya sunan kaka ba a iya faɗa.

In har yanzu bai fito miki ba, ki ajiye waya ki nemi tsohuwa a gidan, ki ce Iya don Allah wa ya naɗa ta, wa ta gada? Ranar da za ki je gaishe da Magajiyar kuma ki cire takalmi tun daga ƙofa, ki durƙusa, ki ce ranki ya daɗe, kar ki kama sunanta na yanka.