Kurakuran da masu jinya ke yi wajen ciyar da mai wahalar haɗiya

Da yawanmu in muka ga mara lafiya yana ƙwarewa, sai mu koma ba shi ruwa zalla, a zatonmu shi ya fi sauƙin wucewa. Ga wanda shanyewar ɓarin jiki ko cutar Parkinson ta raunana masa maƙogwaro, ruwan nan shi ya fi saurin kuɓuce masa. Yana gangarawa tun murfin hanyar iska bai rufe ba, ya faɗa huhu, ciwon huhu ya biyo baya. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne wasu ko tari ba sa yi. A saurari muryarsa bayan ya haɗiye. In aka ji kamar da ruwa a cikinta, a dakata, a nemi likita.

Da an ji cewa ƙara wa abin sha kauri na taimakawa kuma, sai a zarce. Gaskiya ne abu mai kauri yana tafiya a hankali, amma in ya wuce kima yakan maƙale a maƙoshi, ragowar ta zame huhu bayan an ɗauke kwano. Ga shi mutum yakan ƙi sha, jikinsa ya bushe. Kada a auna kauri da ido. Tsarin IDDSI, wato ma'aunin kauri da taushin abinci na duniya don masu wahalar haɗiya, ya kasa abinci da abin sha mataki 0 zuwa 7, abin sha daga 0 zuwa 4, kuma ƙwararre ne zai faɗi matakin da ya dace da mutum. A gida ana zuba mililita 10 na abin shan a sirinji, a bari ya tsiyaye daƙiƙa 10, abin da ya rage shi ke nuna matakin. A kula da garin da ake ƙara wa abin sha kauri da shi, musamman na sitaci: yana ƙara kauri in ya jima a ajiye, yawu kuma yana tsinka shi. Na xanthan, wani garin kauri da ba na sitaci ba, ya fi tsayawa yadda aka dama shi.

Sai girman loma. Tausayi ne ke sa mu cika cokali don ya ci ya ji ƙarfi, na sani. Cokalin shayi ya fi aminci, kuma kada a ƙara sai ya haɗiye an duba kumatu babu saura. A mataki na 6 na IDDSI, wato abinci mai taushi da aka gutsuttsura, gutsure bai wuce santimita 1.5 ga babban mutum ba.

Miya mai gutsattsari da kankana suna yaudara, domin ruwan yana rigan tauna gangarawa. Kada a ɗaga masa kai baya yana sha. A zaunar da shi miƙe, kuma kada ya kwanta sai bayan minti 30.