Kurakuran da ke cinye wahalar mawaƙa mata, da yadda za a kauce musu

Duk wanda ya taso yana jin waƙoƙin fina-finan Hausa daga wajen shekarar 2000 zuwa yau ya haddace muryoyin mata da yawa waɗanda bai san sunansu ba. A fim, jaruma ce ke motsa baki, ita ake gani, ita ake yabo. A faifai kuma sunan mawaƙi namiji ne a sama. Wadda ta tsaya gaban makirfo ta rera rabin baitocin kuwa, ta karɓi kuɗin aikinta na ranar, ta hau adaidaita sahu ta koma gida. Bayan shekara goma ana nan ana jin waƙar a gidajen biki, ita ko kwabo ba ya ƙara shiga hannunta.

Wannan rubutu naki ne, ƙanwata, ke da Allah Ya ba murya kuma kika fara leƙa situdiyo a Kano, ko Kaduna, ko Jos, ko Maraɗi. Yawancin abin da ke durƙusar da mawaƙiya ba rashin baiwa ba ne. Abubuwa ne da ta sallama tun farko saboda kunya ko ɗokin a ji ta.

Sayar da murya ba suna, ba takarda

Wannan shi ne uwar kurakuran. Ana kiran yarinya a waya a ce ta zo ta ɗora murya, ta zo, a miƙa mata takardar baitoci, ta rera, a sallame ta. Ba ta tambayi ina waƙar za ta je ba: fim ce, kundin wani ne, talla ce, ko ta ɗan siyasa ce? Kowanne da farashinsa. Ba ta kuma tambaya ko za a sa sunanta ba, don tana jin nauyin mai situdiyo, wanda wataƙila ma shi ya fara ba ta dama.

Jin nauyin manya tarbiyya ce, amma bai hana a yi magana kafin a fara aiki. Ki ce, "Yaya, don Allah waƙar ta mene ce, kuma yaya za a rubuta sunana?" Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan ba. Ki nemi sunanki ya fito a kan taken waƙar a YouTube da Audiomack da Boomplay, ba a can ƙasa cikin bayanin da ba mai karantawa ba. Idan fim ne, ya fito cikin jerin ma'aikata. Sunan nan shi ke kawo miki aiki na gaba. Mai biki da ya ji muryar ta burge shi, sunan da ya gani shi zai nema.

Sai takarda. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta amince cewa mai rerawa na da haƙƙi a kan abin da ya rera, kuma ta ce mallaka wa wani haƙƙin aiki gaba ɗaya ba ya tabbata sai a rubuce. Wato doka na gefenki, in dai ba ki sa hannu a kan abin da ba ki karanta ba. Yarjejeniya ba sai ta zama mai shafi ashirin da Turancin lauyoyi ba. Shafi ɗaya da Hausa ya isa: sunan waƙa, wanda ya rubuta, wanda ya yi kiɗa, inda za a yi amfani da ita, nawa aka biya ki, da kason da za ki samu idan ta kawo kuɗi a intanet. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Idan aiki ƙarami ne, ko saƙon WhatsApp da ya fayyace waɗannan ya fi maganar fatar baki. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, da ƙungiyar MCSN mai karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu, a Nijar kuma akwai ofishin BNDA. Ki je ki yi tambaya tun ba ki shiga rigima ba.

Zama 'yar amshi har abada

Ba laifi ba ne a fara da amshi, ko da rera abin da wani ya rubuta. A nan ake koyon shiga kiɗa da fita, da riƙe kari. Laifin shi ne a shekara bakwai ana haka ba a taɓa zama an tsara baiti ɗaya ba. Wadda ba ta rubutu kullum jiran kira take, kuma ranar da aka samu sabuwar murya mai arha, kiran ya tsaya.

Mata a ƙasar Hausa ba baƙin jagorancin waƙa ba ne. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya da 'yan amshinta mata ta yi suna har ƙasashen maƙwabta. Ita ke ƙirƙira, ita ke ja, ita ake gayyata da sunanta, kuma ta yi wa mata magana a kan abin da ya dame su: kishi, haihuwa, zaman gidan miji, da riƙon sana'a. Haka Hajiya Uwaliya Mai Amada a Kano. A zamanin fiyano kuma Fati Nijar, wadda ta taso daga Maraɗi ta zauna a Kano, ta yi waƙoƙin fim amma ba ta tsaya a nan ba, ta fitar da nata da sunanta, shi ya sa har yau idan an ambace ta ba a buƙatar a jingina ta da wani.

Ki sayi littafi ki riƙa rubutu, ko da abin bai yi daɗi ba da farko. Ki saurari tsofaffin makaɗa don ki ga yadda ake gina amshi mai kama zuciya, ki karanta rubutattun waƙoƙi don kunnenki ya saba da kari da amsa-amo. Abin da ya fi damuna a waƙoƙin soyayya na yanzu shi ne yawancin baitocin da mace ke rerawa namiji ne ya rubuta su, don haka abin da yake so ya ji daga bakin mace ne, ba abin da ke ranta ba. Akwai fili babba a nan wanda ba a noma ba, kuma ke ce kika san shi.

Matse murya

Tun da waƙar fim ta ɗauki salon Indiya, aka ɗauka muryar mace dole ta zama siririya, can sama. Mai kiɗa yakan ɗora kiɗan daidai da muryar namijin, sai a ce ke ki bi. Yarinya mai murya mai kauri da zaƙi sai ta yi ta matsewa har jijiyoyin wuyanta su fito, sannan a rufe abin da Auto-Tune, manhajar kwamfuta mai daidaita murya, ta fito kamar kowa. An yi asara biyu: an ɓata abin da ya bambanta ta, an kuma gajiyar da maƙogwaro.

Ki zauna da mai fiyano ku gano inda muryarki ke sauka ba wahala, ki riƙe. Ɗaga kiɗa ko sauke shi a kwamfuta aikin minti ɗaya ne, ki nemi a yi. Kafin ki shiga ɗauka ki ɗumama murya a hankali. Ki yawaita shan ruwa, musamman da hunturu lokacin da ƙura da bushewar iska ke cin maƙogwaro. Shisha da hayaƙi abokan gaba ne. Idan murya ta dishe, hutu take so, ba a ci gaba da tilasta mata ba, kuma raɗa ma tana wahalar da ita. Dishewar da ta wuce mako uku ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce. Kada wani ya miƙo miki kwalbar maganin tari ya ce tana buɗe murya. Gwamnatin tarayya ta hana mai ɗauke da kodin tun 2018 saboda yadda ya lalata matasa, mata da yawa a cikinsu.

Tashar da ba taki ba

Kasuwar kaset da faifai ta mutu, yanzu shagon mawaƙi shi ne tasharsa ta intanet. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar manaja, ko mai situdiyo, ko saurayi ya buɗe tashar da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya haɗa ta da asusun bankinsa. Ranar da aka ɓata, ya tafi da komai, da mabiyan da kika shekara kina tarawa. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kin ga ba ƙaramar wahala ba ce a sake farawa daga tushe.

Imel naki, layi naki mai rajista da sunanki, asusun banki naki. Ki kunna tsaro mai mataki biyu. Wanda zai taya ki aiki ana iya ba shi izinin ɗora waƙa ba tare da ya riƙe lambar sirri ba. Kuma duk waƙar da kika biya kuɗin yin ta, ki karɓi asalin aikin daga situdiyo, muryar daban, kiɗan daban, ki adana a wuri biyu. Kwamfutar situdiyo na lalacewa, situdiyon ma na rufewa.

Kuɗin biki da kuɗin siyasa

Waƙar amarya da ango da wasan biki su ne ke riƙe yawancin mawaƙa. A nan dokar ɗaya ce: kafin alƙalami ya shigo kafin ki shiga situdiyo, ciko kuma kafin ki saki waƙar. Bayan an watse daga biki ba mai tuna ki. Kada ki dogara da liƙi, ba shi da tabbas, kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da tattake ta, an kuma hukunta mutane a kai a 'yan shekarun nan. Lokacin bukukuwa na da ƙarshe, da azumi kasuwa kan kwanta, don haka abin da ya shigo a raba shi: na ci, na aikin gaba, na ajiya. Adashi ko ƙaramar sana'a a gefe ba gazawa ba ce.

Siyasa ta fi kawo kuɗi a dunƙule, kuma ta fi haɗari. Hamsou Garba ta Nijar, wadda ta rasu a 2022, an tsare ta a Yamai a 2016 lokacin zaɓe saboda goyon bayanta ga ɗan adawa Hama Amadou. Ita ta san abin da ta tsaya a kai, ta kuma ɗauki nauyinsa. Abin tausayi ita ce yarinyar da aka kira ta ɗora murya a waƙar zambo ba ta san ma wa ake zagi ba, aka ba ta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sannan muryarta ce mutanen wancan ɓangare za su riƙe. Ki karanta baitoci kafin ki karɓa. Yabo daban, cin mutunci daban. Kuma ki karɓi kuɗinki kafin ranar zaɓe.

Gida da aure

Yarinyar da ke waƙa a ɓoye ta ba kowa makamin da zai juya ta da shi. Wanda ya san iyayenki ba su sani ba zai iya danne miki kuɗi, ko ya nemi abin da ya fi kuɗi, don ya san ba ki da wurin kai ƙara. Komai wuyar maganar, a yi ta. Ki nemi wani babba da Baba ke jin maganarsa, kawu ko gwaggo, ki nuna musu irin waƙar da kike yi da wurin da kike zuwa. Ki riƙa aiki da rana, ki tafi da yaya ko ƙani. Situdiyon da ya ce sai tsakar dare kuma sai ke kaɗai, ki bar shi ko da shi ne mafi suna a gari. A Kano kuma ki san da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, don ikonta ya shafi mawaƙa, ki yi rajistar da ake buƙata.

Muryoyi da yawa sun ɓace ranar da aka ɗaura aure, wasu da son ransu, wasu ba haka suka zata ba. Manemi yakan ce ai waƙarki ce ta ja shi, bayan wata uku ya ce bai yarda ba. Wannan magana ba ta zance a zaure ba ce kawai. Ta je gaban waliyyai kafin a sa rana, a fayyace: za ki ci gaba da zuwa situdiyo, ko za ki tsaya a bukukuwan mata zalla, ko a haɗa miki ɗan wurin ɗauka a gida, ko za ki ajiye gaba ɗaya. Idan ajiyewa kika zaɓa, kada ki goge tasharki kuma kada ki kyautar da ita. Ki bar tsofaffin waƙoƙin a inda suke, ki tabbatar asusun da kuɗinsu ke shiga mai sunanki ne, ki kuma sanar da ƙungiyar da kika yi rajista da ita sabon adireshinki da lambar da za a same ki.