Yadda Ake Amfani da Kalmar "Emboss" a Turanci

Kafin ka buɗe ƙamus, ɗauki katin banki irin wanda lambobinsa suka taso, ka shafa da yatsa. Tudun da ka ji shi ne ma'anar wannan kalma. Emboss na nufin a taso da zane ko rubutu a kan takarda, fata, ƙarfe ko yadi, har ya fi sauran wurin tudu.

Mataki na farko: riƙe asalinta, don shi zai hana ka mantuwa. Kalmar ta shigo Turanci a ƙarshen ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, embocer, wadda aka gina a kan boce, wato ƙullutu ko kumburi. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci sun san jikanyar boce, wato bosse, da ake kiran tozon raƙumi da ita. Wanda ya tuna da tozo ba zai sake ruɗewa ba. A kula kuma, ba ta da dangantaka da boss na maigida a wurin aiki. Wannan daga harshen mutanen Holan ta fito.

Na biyu: furta ta daidai. Ana cewa "im-bos", a ɗora nauyin murya a kan gaɓa ta biyu.

Na uku, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe: raba ta da maƙwabtanta. Engrave sassaƙa ce ko kwarzane, a ci jikin abu a cire wani ɓangare, kamar sunan da ake rubutawa a cikin zoben azurfa. Deboss kuwa dannawa ce, zanen ya lotsa ciki, kamar yadda baduku ke buga ƙarfen ado a kan fata ya bar gurbinsa. Emboss ita kaɗai ce ke tasowa. A maɗaba'a ana yinta da ƙarfe biyu, namiji da mace, a sa takarda a tsakani a matse. Shi ya sa idan ka juya takardar za ka ga rami a bayan kowane tudu. Wannan bambanci ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Mai son katin ɗaurin aure da sunayen ango da amarya a tashe, idan ya furta wata kalmar daban, zai biya kuɗi ya karɓi abin da bai nema ba, kuma ba shi da bakin magana.

Na huɗu: sa ta a jimla. Hanya biyu ce. In zanen ka sa a gaba, sai ka bi shi da on: "They embossed the name on the card." In kuma abin da aka yi wa adon ne a gaba, with za ka ɗauka: "The card is embossed with his name." Siga ta biyu ta fi yawa a bakin Turawa, don haka ita nake ba ɗalibi shawarar ya fara haddacewa.

Daga nan sai ka riƙa nemanta a inda take aiki. Hatimin da ke matse takardar shaida ba tare da tawada ba, aikinta ne. Amma a ganina babu inda ta yi rana kamar rubutun makafi. A birnin Paris, Valentin Haüy ya fara koyar da makafi karatu da haruffa masu tudu a shekarun 1780, sannan Louis Braille, ɗalibin makarantar da Haüy ya kafa, ya wallafa tsarinsa na ɗige-ɗige shida a 1829. Har yau na'urar da ke buga wannan rubutu embosser ake kiranta.