Yadda ake haɗe lambobin da suka maimaitu a waya, da hana su sake dawowa

Mota ta tsaya maka a hanyar Kubwa, ka ɗauko waya za ka kira makanikenka na Apo. Ka rubuta "Musa", sai ga Musa har huɗu: Musa Makanike, Musa Apo, Musa Sabon Layi, da wani Musa kawai. Uku daga ciki lamba ɗaya ce, na huɗun kuma layin da ya yar tun bara. Wayar lafiyarta ƙalau. Lambobin ne ke zaune a wurare daban-daban, ita kuma tana tattaro su duka ta jera maka.

Wuraren yawanci huɗu ne: kan sim, cikin ma'ajiyar wayar kanta, cikin asusun Google ko iCloud, sai kuma sunayen da WhatsApp da Telegram ke maƙalawa a jerin. Duk sanda aka sauya waya, a kasuwar waya ta Banex da ke Abuja ne ko a gida, yawanci sai a kwafo na kan sim a zuba, sannan a shigar da Gmail shi ma ya sauko da nasa. Kowane mutum ya zama biyu kenan. In an sauya waya sau uku haka, lissafa da kanka.

Kafin ka taɓa komai, ka ajiye kwafi. A manhajar Contacts ta Google, shiga sashen "Organize" (a tsofaffin manhajoji sunansa "Fix & manage"), ka danna "Export to file". Za ta ba ka fayil mai ƙarewa da .vcf. Tura shi imel ɗinka, kada ka bar shi a wayar kaɗai. Sannan ka lura: wannan fayil na ranar tsiya ne. In ka buɗe shi ka sake shigar da shi alhali lambobinka na nan, ka ninka matsalar da hannunka.

Mataki na gaba shi ne tara komai a gida ɗaya, kuma ga mai Android, asusun Google ya fi. Sim ba wurin ajiya ba ne na kirki: yawanci abin da yake ɗauka bai wuce lamba 250 ba, suna ɗaya lamba ɗaya, kuma yana datse suna in ya yi tsawo. Shi ya sa "Alhaji Abdulrahman Wuse" ke komawa guntun suna, wayar kuma ta ɗauka wani mutum ne dabam. Ma'ajiyar waya ita ma in an sace wayar ko an yi mata fulashin, ta tafi da komai. Shigo da na kan sim da na wayar cikin Google sau ɗaya tak, ka jira su gama hawa da data a kunne.

Sai haɗewa. A sashen nan na "Organize" akwai "Merge & fix". Nan Google zai jero waɗanda yake zargin mutum ɗaya ne, da maɓallin haɗe su ɗaya bayan ɗaya, da kuma "Merge all" mai haɗe duka lokaci guda. A wayoyin Samsung hanyar ita ce Contacts, "Manage contacts", sannan "Merge contacts". Mai Tecno, Infinix ko itel da bai ga wannan a manhajarsa ba, ya sauke Contacts ta Google daga Play Store, kyauta ce. In akwai kwamfuta a kusa, contacts.google.com ya fi daɗin aiki saboda faɗin allo.

Shawararmu ita ce kada ka danna "Merge all" sai ka bi jerin da ido. Cikin abubuwan da na'urar ke dubawa akwai kamannin suna da kamannin lamba, kuma dukansu suna yaudararta a wajenmu. Mutum nawa ka sani masu suna Sani ko Aisha? In ka ajiye biyu da suna tsirara, za ta ba da shawarar a haɗe su, sai ka wayi gari Sani mai POS da Sani ƙanin matarka sun zama mutum ɗaya mai lamba biyu, ka tura saƙon gida inda bai kamata ba. Haka kuma akwai gidajen da miji da mata ke amfani da layi ɗaya, ko shagon da maigida da yaronsa ke ɗaga waya ɗaya. Irin waɗannan ka danna "Dismiss" ka wuce. Amma mutum ɗaya mai layi biyu ko uku, wannan kam a haɗe shi ƙarƙashin suna ɗaya, ka zaɓi lambar da ya fi ɗagawa ta zama ta farko.

In ka yi kuskure akwai gyara. Abin da ka goge daga Google yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya ɓace. Akwai kuma "Undo changes" a saiti, mai mayar da dukan jerin yadda yake a wani lokaci cikin kwana 30 da suka wuce. Sai dai yana iya tafiya da sabbin lambobin da ka ajiye bayan lokacin da ka zaɓa, don haka ka fitar da sabon fayil kafin ka taɓa shi.

Masu iPhone nasu da sauƙi tun daga iOS 16 da ta fito a 2022: buɗe Contacts, za ka ga sanarwar an samu maimaici, ka danna ka duba ka haɗe. Inda suka fi shan wahala shi ne in iCloud da Gmail duka suna kunne kuma kowanne na ɗauke da jeri iri ɗaya. A nan ko dai a kashe lambobin ɗaya daga cikinsu a saiti, ko a shiga sunan mutum a danna "Edit" sannan "link contacts".

Akwai maimaicin da ba na gaske ba. Sunan da ke ɗauke da tambarin WhatsApp inuwar ainihin lambar ce, sau da yawa ma wayar ba za ta bari ka goge shi ba. Shiga wurin zaɓen lambobin da za a nuna, ka bar asusun Google kaɗai, ka cire sim da sauran. Mutane da yawa daga nan rabin matsalarsu ke ƙarewa ba tare da sun goge ko ɗaya ba. Ka tuna kuma duk abin da ka goge a Google zai ɓace a kowace waya da ke kan wannan asusun, har da tsohuwar da ka ba yaro ba ka fitar da Gmail ɗinka ba.

Hana su dawowa ya rataya ne a kan saiti ɗaya. A saitin Contacts nemi "Default account for new contacts", ka sa Gmail ɗin da ka zaɓa. A iPhone sunansa "Default Account". Mai Gmail biyu, na ofis da na kansa, ya tsayar da ɗaya. Daga nan ka riƙa rubuta lamba da +234 ka cire sifirin farko, wato 0803 ta koma +234803. Yawancin wayoyi suna gane cewa lamba ɗaya ce, amma rubutu iri ɗaya yana rage ruɗani, kuma ranar da ka je Saudiyya ko Nijar za ka kira gida ba sai ka gyara komai ba.

Suna ma a cika shi: sunan mutum, sunan uba ko sana'a, da unguwa in da hali. "Sani POS Nyanya" ba zai taɓa rikicewa da kowa ba. In mutum ya ce ya yi sabon layi, buɗe sunansa ka ƙara lambar a ciki, ka cire tsohuwar in ya tabbatar ya daina amfani da ita, domin kamfanoni na sake sayar da layin da aka daɗe da yasarwa, wata rana sai ka ji baƙuwar murya. Rubuta "MTN" ko "Glo" a gaban suna kuma ya rage amfani, tunda daga 2013 mutum na iya komawa wani kamfani da lambarsa yadda take.

Ranar da za ka sauya waya, ka gaya wa mai shagon kada ya kwafa maka lambobi ta sim ko ta Xender. Shigar da Gmail ɗinka, kunna data, ka ba ta 'yan mintuna, za su sauko da kansu.